Keken Kawu da Motar Ingila

Na yi niyyar ci gaba da maganar tsadar taki da muka faro a makon jiya, amma ziyarar da na kai gida Dabai ta sa na jingine ta sai wani jiƙon. Na dawo da wani abu da ya tokare mini ƙirji, na kuma san ba zan samu sukuni ba sai na amayar da shi.

A zauren kawuna, ƙanin mahaifiyata, akwai keken guragu mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Yau shekara huɗu ke nan yana jingine a lungu ɗaya. Tayarsa ta hagu ta tsage, sarƙarsa ta yi tsatsa, kaji sun mai da mazauninsa wurin kwana. A jikin bangon da yake jingine kuwa an rataye hoton ranar da aka ba da shi: ga Kawu zaune a kansa cikin farar riga, ga wani babban mutum ya sunkuya yana riƙe da hannunsa, dukansu suna yi wa mai ɗaukar hoto murmushi. Hoton yana nan fes, da yake shi an sa masa gilashi.

Kawu tsohon soja ne, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, don da wuya ka shiga gida goma a ƙasar Zuru ba ka tarar da tsohon soja ko hoton soja ba. Ƙasar da ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ta kuma yi kusan shekara talatin ƙarƙashin sarautar marigayi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ba sai an yi mata bayanin kaki ba. Kawu bai kama ƙafar waɗannan ba, da igiya uku ya yi ritaya. Ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG a farkon shekarun 1990, ya dawo da gaɓoɓinsa cif. Abin da harsashin Monrobiya bai yi masa ba, ciwon suga ya yi masa a kan gadonsa. Wani ɗan miki a yatsa ya ƙi warkewa, aka yi ta fama da na gargajiya, kafin a farga a kai asibiti sai da aka yanke ƙafar dama daga saman gwiwa.

Keken ya yi masa aiki wata bakwai. Daga nan taya ta fashe, aka kai wa mai faci, ya juya ta ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan girman ba. Aka duba cikin Zuru babu, aka ba direbobin Kontagora saƙo suka dawo hannu rabbana. Ashe keken na waje ne, an shigo da shi ne a kwantena tare da 'yan'uwansa, ba a shigo da taya ko boris ko ɗaya ba. Wanda ya ba da shi kuwa zaɓe ya wuce, lambar wayarsa ma ta canza.

Tun daga lokacin, fitar Kawu ta koma lissafi. Ɗan taƙin da ke tsakanin Dabai da cikin garin Zuru, inda asibiti da banki suke, sai an nemo ɗan kabu-kabu mai haƙuri, a ɗaga dattijo a ɗora, jikansa ya hau baya ya riƙe shi. In ba haka ba sai shatar Keke Napep, wadda tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa. Sai ya shiga zaɓe tsakanin fita da fita. Asibiti dole ne. Gaisuwar mutuwa kuwa, in ba ta kusa ba ce, sai aike. Ɗaurin aure ya daina zuwa, rabonsa da kallon Uhola har ya manta. Na ce masa, “Kawu, ai ka gode wa Allah, ga jikoki suna yi maka hidima.” Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, na gode masa. Ƙafar ma na saba da rashinta. Abin da ban saba da shi ba, kullum sai na roƙi wani kafin in je inda nake so. Mutumin da ya ba da oda a fagen daga, yau sai ya jira yaro ɗan shekara sha biyar ya gama kallon ƙwallo.”

Da daren ranar ne ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta kira don ta gaishe shi. Da hira ta biyo ta kan keken, sai ta ce a can da mota za a ba shi haya, sabuwa fil, a sake masa wata bayan shekara uku. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, “'Yar nan, sanyin ƙasar nan ya fara taɓa ki.” Ni ma na ɗauka zuƙi ta malle ce irin ta mutanen waje. Da na dawo na bincika, sai na tarar gaskiya ta faɗa, har ma ta rage.

Sunan shirin Motability, kuma tarihinsa ya fi motar kanta ban sha'awa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta riƙa ba naƙasassu wata 'yar ƙaramar mota mai ƙafa uku, mai launin shuɗi, wadda aka fi sani da Invacar. Mazauninta ɗaya ne tak, kuma an hana ɗaukar fasinja, wato magidanci ba zai iya ɗaukar matarsa ko ɗansa ba. Iska mai ƙarfi takan karkatar da ita, ga shi duk inda aka hango shuɗin nan an san mai lalura ne ke tafe. Naƙasassun da kansu suka yi ta ƙorafi, har zakaran tseren motoci Graham Hill ya shiga sahun masu cewa a daina. A 1974 aka naɗa Alf Morris ministan kula da naƙasassu, na farko da aka taɓa yi a ƙasar. Shi kuwa ɗan tsohon soja ne da ya rasa ƙafa da ido a Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka ya san irin zaman da Kawu yake yi tun yana yaro. A 1976 aka fara biyan alawus na zirga-zirga, kuɗi a hannu, ko mutum yana tuƙi ko ba ya yi. Sai aka tarar kuɗin ba za su sayi mota ba, ko da mafi araha. A kan wannan giɓin ne Lord Goodman da Jeffrey Sterling suka kafa Motability a 1977 tare da haɗin kan bankuna, aka miƙa motocin farko a 1978. 'Yar shuɗiyar kuwa sai a 2003 aka kwashe ragowarta daga kan titi.

Ga yadda abin yake tafiya. Duk wanda hukuma ta tantance cewa lalurarsa ta kai a biya shi babban kaso na alawus ɗin zirga-zirga, wanda a Afrilun 2025 ya kama fam 77 da 'yan kai a mako, yana da zaɓi. Ko ya karɓi kuɗinsa ya yi hayar tasi da su, ko ya sa hannu a riƙa tura su kai tsaye ga Motability, su kuma su ba shi hayar sabuwar mota ta shekara uku. In mai ɗaukar keken guragu ce a cikinta, shekara biyar. A cikin kuɗin nan akwai inshora, da sabis, da sauya taya, da zuwa a ɗauko mota in ta mutu a hanya. Nasa kawai mai ko caji. In yana son mota mai tsada sai ya yi ciko daga aljihunsa tun farko. Ba dole sai shi zai tuƙa ba, ana iya rubuta sunan mutum uku, shi ya sa makaho ko yaro ɗan shekara uku ma yakan amfana ta hannun iyalinsa. Wanda ba ya son mota yana iya karɓar keke mai batir. Tsofaffin sojojin da suka naƙasa a bakin aiki suna da nasu alawus da ake karɓa a shirin. Yau mutum sama da 800,000 ne ke cikinsa, kuma kusan mota ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar da ake sayarwa a Birtaniya shirin ne ke sayenta.

Na san abin da mai karatu yake faɗa a ransa, don ni ma na faɗa. Fam 77 a mako, in aka juya su, sun tasam ma naira 150,000, wato sun ninka mafi ƙarancin albashinmu na wata, naira 70,000, har da ɗori. Ina tattalin arzikin Landan, ina na Birnin Kebbi? Wanda ya ce a kawo wa guragun Dabai sababbin motoci, ko dai bai san Dabai ba ko kuma neman ƙuri'a yake yi. Kafin a taɓa hanyar Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai, shekara nawa muka yi muna kallonta tana karya motocin masu lafiya ma? Ni ba motar ce ta tsaya mini a rai ba. Abin da na yi ta juyawa shi ne yadda aka yi motar Ingila take tafiya shekara uku ba fashi, keken Kawu kuwa ya mutu a wata na bakwai saboda taya ɗaya.

Amsar tana cikin kalmar haya. Abin da aka ba ka kyauta, ranar da aka miƙa maka shi ranar ce mai bayarwa ya wanke hannunsa. Ya samu ladarsa ko hotonsa, saura ya rage naka. Abin haya kuwa har yanzu na mai shi ne. In ya lalace dukiyarsa ce ta lalace, don haka shi zai fi ka damuwa da a yi masa sabis a kan lokaci. Motability tana gyara motar ne domin bayan shekara uku za ta karɓe ta ta sayar a kasuwar gwanjo, kuma kuɗin da za ta samu a ranar su ne ƙashin bayan shirin baki ɗaya. Mai lalura ba kuɗin mota yake biya ba, yana biyan faɗuwar darajarta ne a shekara ukun, tare da kuɗin kula da ita. Ga sayen sari da ke karya farashi, ga sassaucin haraji daga gwamnati. Da haka alawus ɗin da ba zai sayi mota ba ya isa hayar mota.

Akwai kuma abin da suka koya daga kuskuren 'yar shuɗiyar nan: suka daina ƙera wa naƙasassu abin hawa na daban. Motar da kowa ke hawa ita ake ɗauka, a ƙara mata birki da totur na hannu ko a juya kujera. Kowane makanike ya san ta, kowane shago yana da kayanta. Da keken Kawu da tayar keken hawa na yau da kullum aka yi shi, da mai facin bakin kasuwar Dabai ya gama da shi kafin la'asar.

Kada a ɗauka shirin nasu ba shi da tabo. Kamfanin da ke gudanar da shi mallakar manyan bankuna huɗu ne, Barclays da HSBC da Lloyds da NatWest, kuma a 2018 'yan majalisar dokokin Birtaniya suka yi masa ca, bayan ta bayyana cewa shugabansa ya kwashi fam miliyan 1.7 a shekara guda, kamfanin kuma ya tara ajiyar fam biliyan 2.4. Da aka sauya tsarin tantance masu karɓar alawus daga 2013, dubban mutane sun faɗi a sabuwar tantancewar aka karɓe motocinsu, wasu sai da suka ɗaukaka ƙara suka yi nasara bayan motar ta riga ta tafi. A Nuwamban 2025 ma, bayan surutun cewa ana hawa motocin alfarma da kuɗin jama'a, an cire irin su BMW da Mercedes daga jerin, gwamnati kuma ta sanar da rage sassaucin harajin. Sai dai ka lura da irin rigimar: gardama ce a kan nawa za a biya, wa ya cancanta, wace mota ta dace. Ban ga inda suke gardamar ko gurgu yana da haƙƙin fita daga gida ba.

Mu kuma a takarda mun yi nisa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, bayan shekaru ana kai gwauro ana kai mari a majalisa. Dokar ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ta nemi a ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da ababen hawa yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ina roƙon mai karatu, in ya fita gobe, ya ƙirga matakalar ofisoshi da bankuna da makarantun garinsu, ya ga nawa ne aka yi wa gangara. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su, a Agustan 2024 kuma aka damƙa ta ga Ayuba Gufwan, mutumin Filato da shan inna ta kama tun yana ƙarami, wanda cibiyarsa da ke Jos ta ƙera dubban kekunan guragu ta raba. Ba za a ce bai san zafin abin ba. Amma dokar da yake aiki da ita ba ta tanadi wani alawus na zirga-zirga da za a riƙa biyan mutum da sunansa ba. Ta yi maganar ƙofar da za a shiga, ba ta ce komai a kan yadda za a iso bakin ƙofar daga Dabai ba.

Abin da ya fi kama da na Ingila a wurinmu, jihohi ne suka gwada shi, kuma a nan Arewa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan naƙasassun da aka tantance naira 7,000 kowane wata. A Sakkwato, wadda daga jikinta aka ciro Kebbi a 1991, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta riƙa biyan naira 6,500. Kada a raina waɗannan kuɗi da idon yau. A lokacin mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha naira 5,500 ne, kuma naira 7,000 ta haura dala 50. An kafa hujja ke nan cewa jihar Arewa tana iya ɗaukar sunan gurgu ta sa a takardar biya, kamar yadda take sa na ma'aikaci. Abin da ya ci shirin shi ne an bar adadin a tsaye shekara da shekaru alhali naira tana zubewa, har 7,000 ɗin ta koma ba ta kai dala 5 ba. A Birtaniya kowane Afrilu ake daidaita alawus da tsadar kaya. Mu kuwa sai an yi sabon gwamna mai son a yaba masa.

To mu yi lissafin 'yan kasuwa, tunda da lissafi ake gane maganar da za ta yiwu. A ce jiha tana biyan naira 10,000 a wata. A shekara uku an tara 360,000. Sabon babur irin wanda 'yan kabu-kabu ke hawa ya haura naira miliyan ɗaya, kafin a kai shi wurin mai walda ya ƙara masa ƙafa biyu a baya ya mai da giya da birki na hannu. Alawus ɗin shi kaɗai ko sulusi bai kai ba. Nan ne masu cewa ba zai yiwu ba suke tsayawa su tafa. Amma ai a daidai wannan wurin Ingila ta tsinci kanta a 1976, kuɗi a hannu, abin hawa ya fi ƙarfinsu. Babur ɗin da aka kula da shi shekara uku ba ya zama bola, yana da kuɗi a kasuwa, ballantana a wannan zamani da tsohon abu kan tashi a kusan kuɗin da aka saye shi sabo saboda faɗuwar naira. In asusu ne ya mallaki baburan, ya saya da yawa a farashin sari, gwamnati ta ɗauke musu kuɗin kwastan da haraji, giɓin da ya rage ba mai ban tsoro ba ne. Wani ɓangarensa mai hawan ne zai cike, domin da yawa daga cikin masu lalurar nan masu sana'a ne: teloli, masu gyaran waya da takalma, malaman makaranta, 'yan fansho irin Kawu. Kuɗin da yake zubarwa a shata kowane wata, in aka tara, sun isa su zama nasa kason.

Ba kuma baƙon ciniki ba ne a wurinmu. Da yawa daga cikin Keke Napep ɗin da ke yawo a Kano da Sakkwato da Birnin Kebbi a kan balas suke, direba yana kai wa mai shi kuɗi kullum ko mako-mako. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya buɗe a 2012, suna da tsarin ijara, wanda malamai suka daɗe da sanin hukuncinsa. Mu kuwa mutanen ƙasar Zuru, da kakanninmu suka riƙa yin golmo, saurayi ya shekara da shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, wa zai koya mana biyan abu mai daraja sannu a hankali? Masu ƙirar ma muna da su. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa da suka daɗe suna ƙera kekuna da babura masu ƙafa uku da hannunsu. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, ga masu walda a kowace unguwa. A horar da mutum biyu a kowace daga cikin masarautun nan biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, a ba su kwangilar sabis duk wata uku, an samar wa wasu aikin yi ke nan a kan hanya.

Wani abokina da na yi wa wannan bayani ya katse ni ya ce, “Malam, abin da Turawa suka jefar shi kake so ka tsinto mana? Ba kai ka ce sun daina mai ƙafa uku ba?” Tambayarsa tana kan hanya. Sai dai abin da suka ƙi a tasu shi ne ba ta ɗaukar kowa sai mai ita, kuma ba ta da dangi a kasuwa. Namu babur ɗin gama-gari ne, yana ɗaukar mata da ɗa da buhun dawa, kayan gyaransa kuma har a kasuwar ƙauye. Ya ƙara da cewa za a sayar da baburan a ce an sace, 'yan siyasa kuma za su cusa sunayen yaransu masu ƙafa biyu lafiyayyu. Wannan kam ban musa masa ba, don mun ga yadda aka yi da taki da injin ban ruwa. Abin da zan iya cewa shi ne kyauta ta fi haya sauƙin sata, tunda ba mai dawowa ya tambaye ta. Abin da ake kawowa sabis duk wata uku, ranar da bai zo ba za a sani. Wajen tantancewa kuma muna da abin da Ingila ba ta da shi: Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da masu unguwanni, ga ƙungiyoyin naƙasassun kansu, waɗanda suka san kowa da ɗakin da yake kwana. A sa su a gaba tare da likita, a kafe sunayen a ƙofar fada kowa ya gani.

Akwai waɗanda ko an kawo baburan ba za su amfana ba sai an yi da gangan, su ne mata. Gurgu namiji ko da rarrafe yakan fito bakin hanya a gan shi a ƙirga shi. Mace kuwa tana ƙuryar ɗaki, wata tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta saboda ba mai goyon ta kullum, awon ciki ma sai ciwo ya yi tsanani. A duk rabon kekunan da na halarta, layin maza ya ninka na mata sau da yawa, alhali shan inna ba ta zaɓar jinsi. Dabarar nan ta rubuta sunan wani ya tuƙa a madadin mai lalura a nan za ta fi amfani, da sharaɗin sunan matar ne a takarda, ranar da miji ko ƙane ya mai da abin nasa a karɓe.

Masu buƙatar kuma ƙaruwa suke yi. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a Agustan 2020, abin godiya, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu yanzu ne suke tsakiyar ƙarfinsu. Ga haɗarin babur, ga ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Ga kuma abin da ya addabi Danko-Wasagu da Sakaba a shekarun nan, inda bayan kowane hari akan ƙirga gawa a sanar, ba a ƙirga waɗanda suka tsira da harsashi a cinya ko a ƙashin baya. Wasunsu suna nan cikin Zuru da Dabai a gidajen 'yan'uwa, manoma ne da ba za su sake bin kunya da fartanya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna cewa a wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu buƙatar kayan taimako irin su keke da ƙafar roba suke samu. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar tun 2008 kan raba keken guragu kuwa, miƙa keken mataki ɗaya ne cikin takwas, na ƙarshensu shi ne bibiya da gyara.

Shi ya sa nake kira ga Gwamnatin Kebbi da majalisar dokokinta, da Masarautar Zuru, da masu raba zakka da majami'un da ke tara baiko don marasa ƙarfi: kuɗin da ake kashewa a bikin rabon kekuna ɗari biyu, da rumfa da makaɗa da ladan 'yan jarida, a gwada zuba su a asusun haya na babura hamsin a ƙaramar hukuma ɗaya, a dawo bayan shekara uku a ƙirga nawa ke kan hanya. In lissafina ya faɗi, zan rubuta a wannan fili in ce na faɗi.

Da zan baro Dabai na kwance tayar keken na jefa a but. A Panteka ta Kaduna wani mai walda ya dube ta ya ce ba sai an wahala ba, a kawo keken gaba ɗaya ya yanke ƙafafun ya sa masa na keken hawa, aikin yini ɗaya ne. Na kira Kawu da murnata na gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in gyara ɗin, akwai wani yaro a bayan gidansu da ke rarrafe zuwa makarantar firamare, a ba shi. Shi kam, in ji shi, shekara huɗun nan sun tafi da ƙarfin damtsensa, ko an gyara ba zai iya haura tudun da ke tsakanin gidansa da bakin titi ba.